Manhajar YouVersion a wayar maigida: inda take da amfani da inda ta gaza

Magidancin da ke baro Sabon Tasha ko Gonin Gora da sassafe don ya riga cunkoson motoci tsallaka gadar Kaduna, da wuya ya samu rabin awa ya zauna da Littafi Mai Tsarki. Irinsa ne YouVersion, manhajar karanta Littafi Mai Tsarki a waya, ta fi yi wa rana. Ikilisiyar Life.Church da ke Oklahoma a Amurka ce ta fito da ita a 2008, kyauta ce, kuma babu talla a cikinta. A riƙe wannan, domin Play Store cike yake da masu kama da ita. In kana tsakiyar Zabura tallar bashi ta faɗo maka, to ba ita ka sauke ba.

Za ka tarar da fassarar Hausa ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya, da kuma Sabon Rai Don Kowa ta Biblica. Ta biyun ta fi sauƙin harshe ga yaran da suka tashi a birni. Amma kafin ka zaɓa, tambayi wadda ake karantawa a bagadin ikilisiyarku, ECWA ce, HEKAN ko Baptis, don kada ayar da ka haddace ta saɓa da ta bakin fasto. Dattawan da suka saba da tsohuwar fassarar 1932 sukan yi ta neman Misalai su rasa. Karin Magana ne sunansa a nan, Kubawar Shari'a kuma ita ce Maimaitawar Shari'a.

Kuskuren da aka fi yi yana wajen saiti. Mutum ya sauke manhajar, ya buɗe Yahaya 3, ya ga rubutu ya fito, sai ya ɗauka an gama. Alhali ta intanet yake karantawa, ranar da data ta ƙare shafin ba zai buɗe ba. Abin yi shi ne ka yi rajista da imel, ka shiga jerin fassarori, ka zaɓi Hausa, ka danna alamar saukewa da ke gefen fassarar. Sannan ka kashe data ka gwada buɗe Ishaya 40. In ya buɗe, ta zauna. Rajistar kuma ita ke tsare ayoyin da ka shafa wa launi da bayanan da ka rubuta, ko da an sace wayar ko ta faɗa ruwa.

Tunatarwar safe da manhajar ke aikowa tana da kyau idan ta zo. A wayoyi irin su Tecno, Infinix da itel, tsarin tanadin batir yakan kashe manhajar da ba a buɗe ba, sai ƙarfe biyar ta wuce shiru. Ka cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir, ko ka sa ƙararrawar wayar kawai.

Inda muka fi jin takaici shi ne tsare-tsaren karatu. Akwai masu yawa da aka shirya wa iyaye maza, kan fushi, kuɗi, aure da tarbiyya, amma galibinsu da Turanci, kuma misalansu na gidan Amurka ne. Wanda ke ɗauke da kuɗin makarantar 'ya'ya huɗu, da haya, da 'yan'uwa a Kafanchan ko Zonkwa masu jiran aike, ba zai ga kansa a ciki ba sosai. Gara ya tsara nasa. Karin Magana sura 31 ne, sura ɗaya kowace rana bisa kwanan wata. Afisawa sura 6 ne, mako guda ya ishe shi, kuma a nan ne Bulus ya yi addu'a a 3:16 cewa Ruhu ya ƙarfafa mutum daga ciki, sannan a 6:4 ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Mai son gama surori 1,189 cikin shekara yana bukatar uku zuwa huɗu kullum, amma ba mu ba sabon farawa wannan shawarar. Yawanci a Littafin Firistoci ake sarewa.

Manhajar tana ƙirga kwanakin da ka jera kana buɗe ta. Kada ka ba wannan lamba muhimmanci, domin buɗewar daƙiƙa biyar ma ana lissafa ta. Jerin addu'o'in da ke ciki ya fi amfani: rubuta sunan uwargida da na kowane yaro, da abu ɗaya takamaimai da kake roƙa masa.

A sujadar iyali da dare kuwa, a ajiye wayar. Saƙon WhatsApp zai shigo ana tsakiyar aya, kuma yaro ɗan shekara shida da ya ga Baba ya sunkuya kan waya bai san ko Zabura yake karantawa ko Facebook ba. A ɗauko na takarda, a miƙa wa yaran su karanta aya bibbiyu bi da bi. Dama manhajar ba ta da Littafin Waƙoƙi, dole a nemi wannan daban.