Kafin ka sayi kibau a gwanjo: faiba, alminiyam, kabon ko kyauro?

Wanda duk ya saya wa ɗansa bakan zamani a Yamai ya san ba bakan ke cin kuɗi ba, kibau ne. Yau ɗaya ta ɓace, gobe wata ta karye, ga shi ba kowane shago ke ajiye su ba. Shi ya sa in mutum ya ci karo da damin tsofaffin kibau cikin kayan gwanjo, a Katako ko wajen masu sayar da kayan Turawan da suka tashi, sai ya ga kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Yawancin irin waɗannan na faiba ne, kuma a kansu nake so mu tsaya.

Faiba zaren gilashi ne siriri ƙwarai, aka jera shi aka haɗe da wani irin ƙaro mai daskarewa. Sabuwarta tana da nauyi da juriya, ga araha, shi ya sa ake ba yara da masu koyo ita. Amma ƙaron nan ba ya shiri da rana. Dubi kujerar roba da ta shekara a tsakar gida, yadda take yin fari ta bushe, wata rana a zauna ta tsage ba sallama. Haka ƙaron yake gajiya, balle a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kaya kuma na kwance ƙarƙashin kwano ko a fili. In ƙaro ya saki, zaren ya rabu, kibiyar ba ta lanƙwashewa ta yi maka gargaɗi. Daidai lokacin da ka saki tsirkiya take fashewa, domin a nan ne ƙarfin baka gaba ɗaya ke sauka a kanta. Abin da ke kusa da ita a lokacin kuwa hannun da ke riƙe da baka ne. Tsinkayen gilashi su shige bayan hannu, wasu ido ma ba ya ganinsu, fitar da su sai likita.

In duk da haka ranka ya biya, to, kada ka ji kunyar mai kaya, gwada kowace ɗaya a gabansa. Goga mata auduga daga kai zuwa gindi. In audugar ta maƙale, zare ya tashi, ajiye ta. Kada ka shafa da tafin hannu. Riƙe ta baki biyu, nesa da fuskarka, ka ɗan tanƙwara, ka juya, ka sake tanƙwarawa har ka zagaye ta, kunnenka a buɗe. Ƙaramar ƙara "ƙas" ta isa hujja. Sannan duba robar gindi mai tsagar da tsirkiya ke shiga, don ita ce ke fara tsufa. In ta fashe wajen harbi, tsirkiya za ta tafi ba kibiya, bakan kansa na iya tsagewa. Wadda ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, ko kyauta ce ban yarda a ba yaro ba. Kuma kada a ɗora tsohuwar faiba a kan baka mai ƙarfi, musamman mai ƙananan tayoyin nan a kai biyu.

Ni a ganina, mai koyo a ƙasarmu alminiyam ya fi dacewa da shi. Rana ba ta cin jikinsa, kuma aibinsa a fili yake: in ya bugi dutse lanƙwashewa yake ko ya lotsa, ka mirgina shi a kan tebur ka gani da idonka. Samfurin XX75 na kamfanin Easton na Amurka ya daɗe a hannun maharba, ko na hannu ka samu kana iya tantance shi. Wanda ya lotsa dai a jefar.

Kabon, wato wani baƙin zare mai ƙarfi da shi ma ake haɗewa da ƙaro, ba shi da nauyi, yana tafiya da sauri, kuma masu harbin mita 70 a gasar Olamfik kibansu haɗin kabon da alminiyam ne. Sai dai shi ma ɓoye ciwonsa yake kamar faiba, ga tsada. Sabo za ka saya, ko ka haƙura.

Kyauron maharbanmu kuwa, da bakan gargajiya aka haife shi, a can ya kamata ya tsaya. Ƙarfin bakan zamani ya fi shi.

Kowace ka zaɓa, akwai abu biyu da ba a ciniki a kansu. Tsawo: ja tsirkiya iya janka, kibiyar ta rage aƙalla santimita 3 gaban baka, domin gajeriya zamewa take ta soki hannu. Sai tauri. Lambar da ake bugawa a jikin kabon, 500 ko 700 ko 1000, awo ce ta yadda sandar ke lanƙwasa in an rataya mata nauyin giram 880 a tsakiya; ƙaramar lamba ita ce mai tauri, ta baka mai ƙarfi. Tsofaffin faiban gwanjo galibi rubutunsu ya goge, ba ka san da wane baka aka yi su ba. In faiba ce kuɗinka ya kai, saya wa yaron sabuwa ko da guda uku ce, a ajiye ta cikin ɗaki nesa da rana, a kuma yi mata gwajin auduga duk ranar da za a fita harbi.