Wakilin AI mai amsa ciniki a WhatsApp: aikinsa a shagon taki

Ga mai shagon taki da maganin feshi a Gujungu ko Maigatari, wannan wakili, wato manhaja mai amsa saƙon masu saye da kanta, ya cancanci kuɗinsa. Ana haɗa shi da lambar WhatsApp ta kasuwanci, a loda masa jerin kaya: Yuriya da NPK buhu mai kilo 50, maganin ciyawa lita ɗaya, kowanne da farashinsa. Daga nan shi zai amsa "nawa ne?" ko da tsakar dare, ya rubuta oda, ya tuna wa mai bashi.

Wajen awo yake tuntuɓe. Manomi zai ce tiya biyar. In ba a faɗa wa wakilin kilo nawa tiyar shagon ke ci ba, lissafi ya ɓaci. Saƙon murya da Hausa ma yakan ji shi a karkace, ga shi manoma da yawa da murya suke aikowa. Irin wannan a sa ya miƙa wa mutum.

A sabunta farashi kowace safiyar kasuwa, kada ya sayar a kuɗin makon jiya, a kuma yanka masa iyakar ragi. Hoton rasit kuwa bai isa a saki kaya ba, sai yaron shago ya ga kuɗi sun shiga asusu.