Charlotte ko Lydia: wace ce ta fi ɗauke nauyin labarin?

'Yar'uwa, kin tambaya cewa a littafin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, wa soyayyar Elizabeth da Darcy ta fi dogara a kanta, Charlotte Lucas ko Lydia Bennet. Hanya mafi sauƙi ita ce a zare kowace daga cikin labarin a ga abin da zai rushe.

Lydia ƙanwar Elizabeth ce, autar gidan Bennet, shekararta 15 a farkon littafin, ga rawar kai. Ta bi matar Kanal Forster zuwa Brighton inda sojoji suka yi sansani, daga can ta gudu da wani hafsan soja mai suna Wickham zuwa Landan ba tare da aure ba. A Ingilar wancan zamani abin kunyar zai shafi yayyenta huɗu, ba mai son neman aure a gidan. Darcy ne ya gano maɓoyarsu, ya biya bashin Wickham da ya haura fam 1,000, ya saya masa muƙami a soja, aka ɗaura aure, sannan ya ɓoye hannunsa. Suɓutar bakin Lydia ce ta tona cewa ya halarci ɗaurin auren. Aikinta ke nan: ta ba Darcy damar nuna halinsa a aikace. Amma wata masifar ma da za ta iya yin wannan aikin.

Charlotte kuwa ba ta da hayaniya, shi ya sa masu karatu ke wuce ta. Shekararta 27, ba kyau, ba dukiya. Longbourn, gidan su Elizabeth, kuma ba ya gaduwa ga 'ya'ya mata, idan Mista Bennet ya rasu ɗan'uwansa Collins ne zai karɓe. Collins ya nemi Elizabeth ta ƙi, cikin kwana uku Charlotte ta amince da shi, ta kuma faɗa wa aminiyarta Elizabeth ƙiri-ƙiri cewa gidan zama take nema, ba soyayya ba. Wannan aure ne ya nuna mana abin da Elizabeth ta yar da hannunta. Ba don Charlotte ba, da sai mu ɗauka ƙin Collins abu ne mai sauƙi, alhali rufin asirin uwarta da 'yan'uwanta ne ta ƙi.

Ki duba zaman Charlotte a Hunsford, gidan aurenta a yankin Kent, da kyau. Ta bar ɗaki mai kyau da ke kallon hanya, ta zaɓi na baya ya zama wurin zamanta, don kada mijin ya riƙa faɗo mata. Tana ƙarfafa masa gwiwar aikin lambu don ya wuni a waje. Idan ya yi wata maganar da za ta ba ta kunya gaban baƙi, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Marubuciyar ba ta hukunta ta ba, ba ta kuma ce ta dace ba. Ta bar ta da kajinta da hidimar gidanta.

Ta fuskar tafiyar labari ma ba a bar ta a baya ba. Ziyarar da Elizabeth ta kai mata a Kent ce ta sake haɗa ta da Darcy, domin gidan na maƙwabtaka da Rosings, gidan innarsa Lady Catherine. A gidan Charlotte ya fara neman aurenta ta ƙi, washegari ya miƙa mata wasiƙar da ta juya tunaninta a kan Wickham. Tun a babi na 6 kuma Charlotte ta yi gargaɗi cewa Jane, yayar Elizabeth, tana ɓoye son da take wa Bingley, abokin Darcy, fiye da kima, har zai iya zaton ba ta damu da shi ba. Elizabeth ta yi mata dariya. Daga baya Darcy ya rubuta cewa abin da ya gani ke nan ya raba Jane da Bingley.

Saboda haka Charlotte muka zaɓa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna ɗan rakiyar labari da yawan ƙurar da ya tayar, a nan kuwa Lydia ce za ta ci. Idan za ki sake karantawa, ki jera babi na 22 da na 34, amincewar Charlotte da ƙin Elizabeth, duka biyu a kan tambaya guda, kuma na biyun a ƙarƙashin rufin da na farkon ya samar.