Daga Lesta: Ciwon suga, matsalar ciki da yadda ake kula da mu a Ingila

Yaya, ina gaida ki, ina gaida Inna da jiki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Na ji ta ajiye Glucophage saboda gudawa da kumburin ciki, ta koma shan ruwan shuwaka, kuma kina so in aiko da maganin Turawa. Wallahi maganin da za a ba ta a nan shi ne wanda ta ajiye. Metformin ne, shi ake fara ba kusan duk mai ciwon suga nau'i na biyu a Ingila, ni ma shi nake sha. Inda suka fi mu shi ne bibiya bayan an miƙa maka ƙwayar.

Tun ranar farko nas za ta gaya maka yana iya taɓa ciki. Ƙwaya ɗaya ake farawa da ita, a tsakiyar cin abinci, sai a riƙa ƙarawa mako-mako. In ciki ya ƙi kwanciya, a sauya maka zuwa irin wanda yake narkewa a hankali, mai tambarin XR ko SR a jikin kwali, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi da shi. Don Allah ki kai Inna wurin likita ki tambayi wannan. A 2022 hukumar magunguna ta nan, MHRA, ta kuma ja hankalin likitoci cewa daɗewa ana shan metformin yana rage bitamin B12. In Inna tana kukan kasala ko ƙafa na mata zugi, a auna mata.

Akwai kuma ciwon cikin da sugan da kansa yake jawowa. Idan ya shekara da shekaru yana sama, yana lalata jijiyar da ke motsa tumbi, sai abinci ya riƙa zama bai wuce ba. Likitoci na kiransa gastroparesis. Mutum ya ci loma uku ya ƙoshi, ga ƙwannafi, wani lokaci ya yi aman abincin da ya ci tun safe. A gida da yawa olsa za a ce, a yi ta ba shi maganin olsa. A nan ƙwai ake ba ka da ɗan sinadari a ciki, na'ura ta bi shi tsawon awa huɗu a ga yadda yake barin tumbi.

Batun kuɗi, kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne, amma mai shan maganin suga ana ba shi takardar yafiya, ba ya biyan ko sisi. Ana kiranka gwajin jini, a ɗauki hoton cikin ido, a cire maka safa a taɓa tafin ƙafa da wani siririn zare a ga ko kana ji. Kada a ce kyauta ce dai: mai biza yana biyan fam 1,035 duk shekara don asibiti, ban da haraji. Ganin likita kuma sai ka kama layin waya tun ƙarfe takwas na safe, asibitin ƙwararru kuwa watanni ake jira. A Kano in da kuɗi a hannu yau za ki ga likita, yau za ki karɓi sakamako. Wannan kam ina kewarsa.

Gwajin da suka fi dogara da shi HbA1c ne, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku. In sakamakon ya kai 48 ko ya wuce, ya zama ciwon suga. Sai dai sikila tana iya rikita shi, kuma kin san akwai ta a danginmu, don haka a sanar da likita.

Abin da ya fi burge ni binciken DiRECT ne na Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow, wanda ya fito a 2017. An ɗora masu ƙiba a kan miya da kunu na musamman, kalori kusan 850 a rana na wata uku zuwa biyar. Bayan shekara, kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba magani, saboda kitsen da ya taru a hanta ya ragu. Yanzu NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati ta nan, ke ɗaukar nauyin shirin. Amma na masu jiki ne da ciwon bai daɗe musu ba, kuma likita na bibiya. Inna ba ta da jiki, kada kowa ya sa ta zama da yunwa.

Allurar ciwon suga ta Ozempic da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, ku nisance ta. Tana ƙara rage tafiyar abinci a tumbi, mai irin matsalar Inna wahala za ta ƙara masa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta, har a nan Ingila an kama.

Na ba mai tahowa na'urar awon suga da tsinkayenta. A riƙa auna Inna da safe kafin ta karya, a rubuta a littafi, ki tafi da littafin ranar asibiti.