Tankin ƙari a ƙaramin jirgina

Man jirgin saman da na haɗa da hannuna a Yamai da ƙyar yake kai ni Tahoua, shi ya sa na nemi wani mai walda a kasuwar Katako. Ya yi mini tankin alminiyam mai cin lita 40 a bayan kujera. Aikinsa ya burge ni ƙwarai: ya sa shinge a ciki don kada mai ya riƙa kai da kawo, ya fitar da bututun iska waje, ya hura tankin ya gwada waldar da ruwan sabulu. Ko kumfa ɗaya babu.

Sai dai man kusan kilo 29 ne, nauyi ya koma baya, dole na sake auna jirgin kafin in tashi. Mai waldar ya yi mini jinkirin mako biyu, amma zan koma wurinsa.