Ɗanyen Ganyen Ƙamshi Ko Busasshe: Wanne Za A Zuba A Tukunya?

Mata da yawa, musamman amare, suna yawan tambayata ko ɗanyen ganye ya fi busasshe a girki. Ina nufin irin su ɗaɗɗoya, na'a-na'a da lawashi.

Ta fuskar ƙamshi, ɗanye yana gaba. Farfesun kifi da aka yayyanka masa ɗanyar ɗaɗɗoya ana dab da saukewa, tun daga zaure ake jin sa. Sai dai ɗanyen ganye ba ya son dogon dahuwa, in ya daɗe a wuta ƙamshin ya gudu. Busasshe kuwa da wuri ake zuba shi domin ya jiƙu ya saki, kuma cokali 1 nasa yakan tsaya a madadin cokali 3 na ɗanye. Shi ya sa gabu, wato busasshen lawashi, yake dacewa da miyar kuka.

Wajen ajiya, ɗanye akwai ciwo. Da bazara, in babu firij, kafin gobe ya yi yaushi, kuɗi sun tafi. Busasshe yana watanni a kwalba mai murfi, muddin a inuwa aka shanya shi kuma danshin damina bai taɓa shi ya yi fumfuna ba. Ɗanye kuma dole a wanke shi sosai, domin ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba.

Wadda ke kusa da kasuwa, ko take da tsohon bokitin da za ta shuka na'a-na'a a tsakar gida, ɗanye ya fi mata. Ma'aikaciya mai cefanen wata, da mai babban gida, busasshe zai fi rufa musu asiri.