Inno Setup, NSIS ko WiX: wanne za ka ɗauka don girka SDK?

Duka ukun kayan haɗa manhajar girkawa ne a Windows, SDK kuwa kunshin kayan aiki ne na masu rubuta manhaja. Kafin a yi min maganar kyawun fuskar manhajar girkawa, tambayata ɗaya ce: me za ta yi wa PATH, wato jerin adireshin da Windows ke dubawa in an kira manhaja da sunanta? Nan na taɓa ƙonewa. Na yi rubutun da ke karanta PATH, ya liƙa adireshin kayanmu a ƙarshe, ya mayar. Ashe mazubin da na zuba shi ba ya cin fiye da haruffa 1024. Wutsiyar ta gutsure a kwamfutar abokin aikina, ya wayi gari ba git ba python. Laifina ne, amma har yau in mun haɗu sai ya ce, "Malam, yau kuma me za ka share mana?"

Shi ya sa na tsaya kan Inno Setup. Jordan Russell ya fara shi a 1997, kuma da shi ake girka Git da VS Code a Windows. Sashensa na Components ya dace da SDK: ka ware kwamfaila (mai mayar da lamba manhaja), ɗakunan lamba, misalai da takardun bayani, mai ƙarancin wuri ya cire alamar abin da ba ya so. Ka sa ChangesEnvironment=yes, sabuwar taga ta ga PATH ba sai an kashe kwamfuta ba. Ka sa PrivilegesRequired=lowest, ɗalibi a ɗakin kwamfutar makaranta ya girka ba tare da roƙon kalmar sirri ba. Abin da ya fi haka kuwa, da yaren Pascal ake rubuta lambar da ke cikin rubutunsa, kuma yana karantuwa ko bayan shekara.

NSIS na mutanen Winamp ƙarami ne, amma a asalinsa iyakar nan ta 1024 tana nan. WiX, wanda Microsoft ta saki a 2004, sai in kwastoma ya dage kan MSI, nau'in fayil ɗin girkawa na Windows. XML ɗin da ake rubuta shi da shi ciwon kai ne.

Sai a yi hattara. Kar ka sauke ko ɗaya daga shafukan da ke cike da manyan maɓallai kore na talla. Je shafin masu shi. InstallShield, wani kayan haɗa manhajar girkawa na kuɗi, da aka fasa ake rabawa a tasha, guje shi: ƙwayar da ke cikinsa za ta iya bin kayanka har kwamfutar duk wanda ya girka. Masu tallar takardar sa hannu (shaidar da ke nuna wanda ya yi manhaja) mai araha a Telegram ma haka. Tun Yunin 2023 dole mabuɗin sa hannu ya zauna cikin na'urar tsaro, don haka wanda ya ce zai turo maka shi a fayil, ka tambaye shi inda ya samo.